Ƙusar Job Ba Ta Fita Ba: Jinjina ga Ɗantani Mai Shayi

Kafin ladanin unguwar Sintali ya gyara murya, Ɗantani ya riga ya tone tokar jiya ya zaƙulo garwashin da ya binne. Ba ya shiri da ashana. Wai wutar ashana gaggawa gare ta, shayin da aka dafa da ita ba ya kama jiki, kuma kada ka kuskura ka nemi hujja, don zai tsare ka da bayani har motar Lau ta cika ta tafi ta bar ka. Yakan ɗora babbar tukunya, ya jefa citta da kanumfari da ɗan masoro, ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar ruwa ya fara gunaguni. Sai ya zuba ganye, ya jera burodi, ya share ƙarƙashin benci. Daga nan ya ɗauki tsumma ya nufi dogon katakon maɗacin da ya ratsa rumfar daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ya riƙa sauko da kofunan da ke rataye a jiki yana gogewa yana mayarwa, kowanne a ƙusarsa. Haka yake yi tun yana saurayi a hannun kawunsa, kafin Turawa su tattara nasu su tafi, haka kuma ya yi har makon jiya, da gwiwa ta ce masa ta gaji, ya miƙa wa babban ɗansa Suleiman buta da rariya.

Wanda bai san rumfar bakin tashar Lau ba zai ce to, mai shayi ya tsufa ya huta, sai me? Ai Jalingo cike take da masu shayi tun da aka ba mu jiha. Gaskiya ne. Wasunsu ma sun fi shi iya sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, su ɗaga hannu har sama da kai ko ɗigo bai zuba ba. Amma rumfa mai ƙusoshi, guda ɗaya ce tal a garin nan, kuma saboda ɗaya daga cikin ƙusoshin nan na ɗauki alƙalami yau.

Ga yadda al'adar take. Baƙo in ya zo, a kofin rumfa ake zuba masa, irin na cikin daro, ya sha ya kama gabansa. In ya lizimci wurin, damina ta wuce rani ya wuce ana ganin fuskarsa, ba a ji shi da faɗa ba, ba a ji ya kwashi hirar benci ya kai gidan wani ba, sai wata safiya dattawan benci su dubi juna, a ce masa, "Je ka sayo kofi." Ranar nan za a kafa masa ƙusa a katako, shi kuma ya sayi burodin duk wanda ke zaune. Daga nan ya zama ɗan gida. A nan direbobi za su bar masa saƙo, a nan za a nemo shi in an yi masa haihuwa ko rasuwa, in kuma aka kwana biyu ba a sauke kofinsa ba, a tashi mutum ya je ya dubo lafiya. In mai ƙusa ya mutu, akan kife kofinsa a kan tebur har a share makoki, sannan a kai wa iyalinsa, a zare ƙusar. Amma ƙusar mai rai ba a zare ta. Ko tafiya ya yi, ko fushi ya yi, ko ɗaure shi aka yi, tana nan tana jiransa.

Masu son ƙawata zance sukan ce kawun Ɗantani hikima ya yi. Ɗantani dariya yake yi in ya ji haka, ya ce babu wata hikima, tsohon da kofi uku ya fara sana'a, shi ya sa ya ce kowa ya zo da nasa. Ko ma dai mene ne asalin, wanda yake son sanin garin nan ya je ya tsaya gaban katakon. Kofin Bafillace na gogar na mutumin Mumuye, na Bajukune kusa da na Bahaushe, na limami kusa da na mai wa'azin coci, don ba a jera su da ƙabila, yadda aka zo haka ake kafawa. A ƙarƙashinsa aka ji a rediyo an ba ƙasa mulkin kai. A ƙarƙashinsa aka kwana 'yan Arewa aka tashi 'yan Arewa maso Gabas, aka koma 'yan Gongola, har ranar da aka ce Taraba, Jalingo ce hedikwata, mutane suka yi ta rungumar juna, Ɗantani ya rabar da tukunya biyu kyauta. A shekarar da 'yan ƙabilar Ibo suka gudu gida, wani mai sayar da kayan keke ya bar kofinsa a rataye. Aka yi ta yaƙi ba labarinsa, wasu suka ce a kife kofin. Ɗantani, wanda a lokacin bai daɗe da gadon rumfar ba, ya ce wa ya ga gawarsa? Mutumin ya dawo bayan yaƙi a rame, shagonsa ya zama na wani, ɗakin da yake haya ya zama na wani, abin da kawai ya tarar nasa a garin shi ne kofin, a goge. Dattawan da suka ga ranar sun ce zama ya yi a ƙasa ya yi ta kuka.

Kai ne wannan, Ɗantani, mijin Furera, mai hannun citta. Sai dai wancan gwajin mai sauƙi ne, domin kofin wanda ba ya nan ba ya hana kowa zama. Babban gwajinka sai da ka yi furfura sannan ya zo.

Job kafinta ne, mutumin Mumuye daga wajen Iware, gajere kakkaura mai yawan dariya. Shi ya yi bencin rumfar, kuma shekaru da yawa shi ke kafa ƙusar duk wanda aka karɓa. Tasa ƙusar tana maƙwabtaka da ta Alhaji Maishanu, dillalin shanu, Bafillacen gari, wanda ya fi kowa daɗewa a bencin, ba a kuma yanke magana sai ya sa baki. Mutanen nan biyu ba sa shan shayi sai da tsiya. Maishanu ya ce duk bencin da Job ya yi ɗingishi yake, Job ya ce shanun Maishanu awaki ne aka ara musu ƙaho. Rabin masu sammako don wannan faɗan suke zuwa.

Ɗantani ne ya fara lura. Wata safiya ya zuba wa Job shayi daga tafasa, kofin silba kuwa kowa ya san yadda yake ɗaukar zafi, sai ya ga Job ya rungume shi da tafin hannu yana ta zuba hira, ko gezau. Da ya ajiye, fatar yatsunsa ta yi bororo. Ɗantani ya gane alamar. Bai ce komai a gaban mutane ba, sai da rana ta yi ya bi shi shago, ya sa shi ya ɗaga riga, ya ga fararen tabo a bayansa. Ya ce, "Job, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Gobe ka tafi asibiti." Kuturta ce. Job ya tafi wani asibitin mishan mai nisa inda ake maganinta, ya yi damina biyu a can, kofinsa na rataye ana goge shi kowace safiya.

Ya dawo a ƙarshen 1991, 'yan watanni bayan an ba mu jiha. Likitoci sun ce masa ciwon ya mutu, ba zai shafa wa kowa ba, sai dai abin da ya riga ya ci ya ci: yatsu uku na hannun hagu sun gajarce, biyu na dama sun lanƙwashe. To a lokacin kowa ya san yadda ake yi wa mai irin hannun nan a wurin mai shayi. Akwai gwangwanin madara da ake ɗaurewa a jikin bishiya, shi zai kunto, ya tsuguna daga nesa, a tsiyaya masa daga sama. Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, amma a bakin tasha ko da kuɗinsa gwangwani ne rabonsa. Job ya san haka. Shi ya sa da ya iso bai shiga ba, ya tsaya a gindin darbejiyar da ke gaban rumfar, hannayensa a cikin aljihu.

Job ya ce, "Mai shayi, kofi na yana nan?"

Ɗantani ya ce, "Da ina zai je? Shigo ka zauna, bencin ma kai ka yi shi."

Ya miƙa hannu ya sauko da kofin. Sai Maishanu ya yi gyaran murya.

"Ɗantani, tsaya. Kafinta, sannu da dawowa, Allah ya ƙara sauƙi, wallahi mun yi murna. Amma kowa a nan da iyali yake. A nemo masa gwangwani mai kyau, shayinsa kuma a wuyana har in mutu. Ƙusar dai a zare."

"Alhaji, mutuwa ya yi?"

"Ban ce ya mutu ba."

"To ni ban iya zare ta mai rai ba. Ba a koya mini ba."

"Kofinsa yana taɓa nawa, Ɗantani."

"Yau ya fara taɓawa?"

Maishanu ya tashi, ya sauke kofinsa, ya zura a aljihun babbar riga, ya fita. Kada a ɗauka mugun mutum ne. Yana yaro ya ga yadda ciwon nan ya cinye baffansa a ruga, tun ba a san maganinsa ba, ga shi kuma gidansa cike da jikoki. Tsoro ne, tsoro kuwa ba ya tambayar addini, don cikin waɗanda suka bi bayansa da kofunansu har da mutanen da suke coci ɗaya da Job. Kafin mako ya zagayo katakon ya zama ƙusa zalla, in ban da kofin Job da na wasu tsofaffi biyu da suka yi tafiya ba su ji labari ba.

Lokacin kuwa bai yi wa Ɗantani daɗi ba. Sabuwar jiha ta jawo sababbin masu shayi, samari masu kaset da kofunan roba masu launi, sun kewaye tashar, duk wanda ya bar rumfa mai ƙusa taki kaɗan zai yi ya sami wurin zama. Ɗantani ya koma ƙaramar tukunya, ita ma ba ta ƙarewa. Burodi ya riƙa bushewa a tebur. Yakan hango mutanen da ya yi shekara da shekaru yana sanin yawan sukarin kowannensu, suna zaune a rumfar wani yaro sun juya masa baya, abin ya yi ta cin ransa. Furera, matarsa, wadda take suyar ƙosai a gefen rumfar tun tana amarya, ita ma kasuwarta ta mutu tare da tasa. Wata rana tana kwashe ƙosan da ya huce ta ce, "Malam, ni ban ƙi Job ba, Keziah matarsa ƙawata ce. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take. Ka riƙa kai masa shayin gida mana, ni zan sa ƙosai. Ya sha a inuwarsa, mutane su dawo."

Ya ce, "Ai ba shayi ya rasa ba, Furera. Shayi ko a gida Keziah za ta dafa masa. Mutane ya rasa."

Ta ce, "Ga shi kai ma ka rasa su."

Ya san gaskiya ta faɗa.

Job ma yana da ido. Wata rana da hantsi ya zo da filaya a aljihu, ya tarar ba kowa sai ƙudaje, ya nufi katako kai tsaye. Ɗantani ya ce, "Me za ka yi?"

"Zan cire abu na. Ni na buga shi, ni zan cire shi. Ba zan kashe maka kasuwa ba, aboki na. Yara ka za su ci mene?"

Ya kama ƙusar da filaya, hannun ya ƙi riƙewa, filayar ta suɓuce ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Mutumin da ya rufa wa rabin gidajen Sintali kwano ya tsaya gaban ƙusa ɗaya ya kasa, hawaye na zuba. Ɗantani ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya ɗauko dutsen da yake dandaƙa citta da shi, ya matsar da Job gefe, ya ba ƙusar duka biyu masu kyau har ta ƙara nutsewa. Sannan ya cika kofin Job, ya ba shi ya kurɓa, ya karɓa, ya fito bakin rumfa inda duk tashar ke ganinsa, ya kafa kai ya shanye saura.

'Yan kamasho suka bar kiran fasinja. Wata mai tallan gyaɗa ta ɗora hannu a ka. Ɗantani ya ajiye kofin, ya ɗaga hannayensa biyu sama ya baza yatsu, ya ce da ƙarfi, "Ku ƙirga! Gobe ma ku zo ku ƙirga!"

Washegari ya yi, jibi ma ya yi, haka ya ɗore: Job ya sha, Ɗantani ya shanye saura a gaban jama'a, ya ɗaga hannu. Kada wani ya ce maka bai ji tsoro ba. Ya ji. Kullum in yana alwala sai ya tsaya yana mintsinin yatsunsa ɗaya-ɗaya. Da wani farin tabo ya fito masa a damtse, abinci ma kasa ci ya yi, ya ari allurar Furera ya ɓuya a bayan ɗaki ya soka a wurin. Zafin ya sa shi tsalle, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin zafi mai daɗin wannan ba. Ƙyasbi ne kawai. Duk da haka sai da ya je ya sami wata ma'aikaciyar jinya ya tambaye ta tsakaninta da Allah, ta ce masa abin da likitocin Job suka faɗa gaskiya ne, wanda ya gama shan maganin nan ba ya shafa wa kowa. Ya riƙe maganarta hannu biyu, amma ya san mutanen tasha ba da kunne suke yarda ba, da ido suke yarda.

Abin ya zama wasan tasha. Direba zai leƙo ta taga ya ce, "Baba Ɗantani, yau nawa?" Ya ce, "Goma cif! Ko in sam maka biyu ka ji daɗin riƙe sitiyari?" Damina ta sauka, aka ci sabuwar doya, yatsu goma. Ta ɗauke, aka yi girbi, yatsu goma.

Waɗanda suka fara cika bencin baƙi ne, ma'aikatan da aka kwaso daga Yola zuwa sabuwar hedikwata, masu kwana a ofis saboda ƙarancin gidaje. Su ba su san wani Job ba, sun dai ga benci da wuri, sun kuma ɗanɗana shayin da ya fi na masu kaset. Da suka ji labarin wasu suka janye, da yawa suka ce in mai shayin da kansa yana sha, su wane ne? Da lokacin ba su ƙusa ya yi, wani ya nuna ƙusoshin da ke tsaye ba kofi ya ce ai ga wuri nan birjik. Ɗantani ya ce, "Masu su suna da rai. Fushi suka yi." Ya sa aka ƙara sabon katako a ƙasan tsohon, shi yana riƙe ƙusa, Job yana bugawa da lanƙwasasshen hannu. Furera ta ce in dai yatsun ne, ta nan zai rasa su.

Sannu a hankali tsofaffin 'yan gida suka fara sulalowa, kowa da uzurinsa. Wannan ya ce shayin yaran can yana sa shi ƙwannafi, wancan ya ce kaset ɗin ne ya dame shi. Ɗantani bai taɓa ce wa kowa ai da ka tafi ba, sai dai ya karɓi kofi ya ɗauraye ya zuba. Kasuwa ta farfaɗo, Furera ta koma babban kasko. Amma abin da Ɗantani yake nema bai samu ba tukuna. Job yana zama a ƙarshen benci, kuma komai cikar rumfar sai an bar wurin mutum biyu a gefensa, mutum ya gwammace ya sha a tsaye. Ana gaishe shi daga nesa, ba mai ba shi hannu, ba mai kawo masa aiki. Kowa yana jiran ya ga abin da Maishanu zai yi, Maishanu kuwa ko ta gaban rumfar ya daina bi.

Ana nan, ranar kasuwar shanu ta Iware, wani bijimi ya matse Alhaji da jikin mota ana lodi, ƙwaurinsa ya karye. Maɗori ya ɗaure, aka kwantar da shi a zaure. Ɗantani ya je dubiya da shayi a fulas. Alhaji ya amsa gaisuwa da fara'a, ya ce a ajiye fulas ɗin zai sha an jima, su biyun kuma sun san ba zai sha ba. Ɗantani bai damu ba, don ba shayin ne ya kai shi ba. Yana zaune yana auna tsawon mutumin da ido, daga hammata zuwa diddige. Daga can shagon Job ya zarce, ya ce, "Ka yi wa Alhaji sandar dogarawa."

"Ni? Zai sa shi a wuta."

"In ya sa, katako ya ƙone. Kai dai yi."

Job ya daɗe a kan sandar nan. Da robar tayar keke yake ɗaure kayan aiki a hannu, ya sassaƙa, ya goge, ya naɗe wurin hammata da tsumma da fata. Da aka kwance ɗori Ɗantani ya kai ta, ya jingine a bangon zaure. Maishanu ya dube ta sama da ƙasa. Ba ya bukatar a gaya masa, wanda ya tsufa yana zagin aikin mutum ai ya san hannunsa.

"Shi ya yi?"

"Shi ya yi. In kana ƙyama, Alhaji, ga murhu can a cikin gida. Busasshen katako ne, zai ci da kyau."

Ya yi sallama ya fito. A hanyar komawa hankalinsa bai kwanta ba, don ya san in sandar nan ta shiga wuta labari zai zaga gari, Job kuma ba zai sake ɗaga kai ba.

Aka kwana biyu shiru. Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, rumfa ta cika maƙil saboda sanyi, sai aka ji ƙwas, ƙwas, daga wajen tasha. Alhaji Maishanu ne, ya rame, babbar riga na jan taɓo, sandar Job a hammatarsa. Masu tsaye suka dare. Mutum uku suka miƙe za su ba shi wuri, ya wuce su kamar bai gani ba, ya je ya sauke jikinsa a wurin nan da aka saba bari, kafaɗarsa na gogar ta Job. Ya gaishe shi da Fillanci yadda ya saba yi a da, "A waali jam, Kafinta?"

Job ya ce a hankali, "Jam, Alhaji."

"Ɗantani, shayi. Haɗin kauri."

"Alhaji, ina kofinka?"

Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya ce, "Kai! Na manta shi a gida."

Mutumin da ba ya manta kamannin maraƙin da ya sayar tun zamanin Gongola, wai shi ne ya manta kofi. Duk ɗan gidan da ke wurin ya gane, domin akwai ƙa'ida tun zamanin kawu: mai ƙusa ba ya sha a kofin baƙi, in ya zo ba kofinsa, a na maƙwabcin ƙusarsa ake zuba masa. Maishanu da bakinsa ya sha tilasta wa mutane ita. Ɗantani ya ce, "Ka dai san ƙa'ida."

"Ni za ka koya wa? Ina shan shayi a nan kana wanke daro."

Kofin yana hannun Job, ya sha rabi. Ɗantani ya karɓa zai zubar ya ɗauraye, Maishanu ya ɗaga sanda ya tare shi.

"Zubarwa za ka yi, da sukarin da komai, a wannan tsadar? Ƙara a kai."

Aka ƙara. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya sha, ya sake sha. Ya goge gemu, ya juya ya dubi Job.

"Kafinta, sandar nan taka ɗingishi take yi."

Job ya ce, "Sanda lafiya yake, Alhaji. Mai shi ne akuya ya karya."

Me za a yi in ba dariya ba! Rumfa ta kece. Furera ta rangaɗa guɗa daga bakin kasko, 'yan kamasho suka rugo, wani direban Lau da bai san dalili ba ya danne hon don kada a bar shi a baya. Maishanu ya kama hannun Job, na hagun, mai gajerun yatsun, ya riƙe yana dariya har da hawaye. Kafin a watse sai da duk wanda ke wurin ya ba Job hannu, wasu a kunyace. Ɗantani kuwa tukunya ya manta a wuta har ta ƙafe rabi, abin da Furera ta ce bai taɓa yi ba tun da ta san shi.

Washegari kofin Maishanu ya koma ƙusarsa. Cikin watan aka kawo wa Job gyaran ƙofa, sannan bencin wata makaranta, sannan Alhaji da kansa ya ba shi aikin jikin motar shanunsa. Samarin masu kaset ma, da suka ga inda gari ya karkata, ɗaya bayan ɗaya suka kunce gwangwanayen jikin bishiyoyinsu. Ba wanda ya kafa musu doka.

Kai ne ka yi wannan, Ɗantani, maɗaci ginshiƙin tasha. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, ba ka zagi wanda ya tafi ba, ba ka goranta wa wanda ya dawo ba. Ka tsaya ne kawai a kan abin da ka gada, a ranar da tsayuwar take nufin ƙaramar tukunya da busasshen burodi da kallon banza. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mun ga ranar da taka ta ƙare, mun kuma ga ba ka tsame hannu ba.

Mu kuma da muke sha muna tashi, a ofis ne, a kasuwa ne, a masallaci ne ko a coci, kowannenmu ya san wani da ake barin wuri a gefensa. Yanzu ma ga wani sabon ciwo ana ta raɗe-raɗinsa a gari, an fara gudun mutane tun ba su kwanta ba. A yi yadda Ɗantani ya yi: a je a tambayi masu sani, in sun ce zama kusa ba ya komai, a matsa a zauna.

Ranar da ya miƙa rumfar an cika har bakin titi. Maishanu ya kawo rago, aka yi addu'a iri biyu, kowa ya ce amin ga duka. Sai Job ya miƙe ya ce yana da magana.

"Ni ban iya dogon magana ba. Abu ɗaya ne mai shayi bai sani ba. Tun da na dawo daga asibiti, a gida na ma kwano na daban ne. Ba Keziah ya ce ba, ba yara ba, ni na ce. Ina jin tsoron hannu na. Ranar da Alhaji ya sha a kofi na, na koma gida, aka kawo tuwo, na ce a haɗa. Na sa hannu tare da yara na. Ƙaramin ya duba ni ya ce, Baba, ashe ka warke?"

Ɗantani bai sani ba kuwa. Ya cire hula ya rufe fuska da ita, aka daɗe bai ɗago ba.

Mun gode, Ɗantani. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ladar tuwon nan taka ce.